Komawar Jar Shirwa Ƙasar Ingila Da Abin Da Ke Bayanta

Duk wanda ya bi babbar hanyar mota da ta tashi daga Landan ta nufi Oxford, idan ya kai tuddan da ake kira Chilterns ya ɗaga kansa, da wuya ya rasa ganin wata tsuntsuwa ja-ja mai wutsiya kamar almakashi tana shawagi bisa gonaki. Wani lokaci guda ɗaya, wani lokaci ashirin ko talatin a tare. Jar shirwa ke nan, 'yar'uwar shirwar nan tamu da ke hana kaza mai 'ya'ya sakat a tsakar gida. Yaran da aka haifa a wannan yanki bayan shekarar 2000 sun ɗauke ta yadda muka ɗauki hankaka, ba su san cewa kakanninsu sun rayu har sun mutu ba su taɓa sa ta a ido ba. Gama an yi fiye da shekara ɗari babu jar shirwar da ta yi sheƙa a duk faɗin Ingila, sai da aka ɗauko 'ya'yanta daga wasu ƙasashe aka zo aka sake su.

Jaridun Birtaniya suna ƙaunar wannan labari, kuma kusan kullum hoto ɗaya suke bugawa, watau hoton ma'aikaci ya buɗe ƙofar keji, tsuntsu ya fito ya kama sama. Ni kuwa a ganina buɗe ƙofar kejin nan shi ne mafi sauƙin abin da aka yi, shi ne kuma mafi ƙarancin daraja. Duk gwamnatin da ke da kuɗin jirgi da na katako tana iya yinsa cikin damina ɗaya. Abin da ya raya tsuntsuwar wani abu ne dabam wanda ba ya shiga hoto, kuma saboda shi na ga ya dace in kawo maganar gaban 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda gobe ko jibi za a damƙa wa fayil a ofis a ce su tsara wani shiri na raya karkara. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bari mu fara da yadda ta ɓace. A zamanin da, shekaru ɗari biyar da suka wuce, jar shirwa ta cika titunan Landan, tana kwashe mushe da ragowar mahauta da duk ƙazantar da aka watso daga gidaje. Aikin duba-gari take yi ba albashi, har ma doka ta hana a taɓa ta a cikin birnin. Daga baya sai ra'ayi ya juya. A shekarar 1566, zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko, majalisa ta yi dokar da ta lissafa dabbobi da tsuntsayen da aka ce maɓarnata ne, aka sa shirwa a ciki, aka kuma umarci dattawan coci na kowane ƙauye su riƙa biyan lada ga duk wanda ya kawo kanta. Aka yi ta kawowa ana biya. Amma abin da ya gama da ita ya zo ne a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da farautar nishaɗi ta zama abin ado ga masu sarauta da attajirai. Kowane mai ƙasa ya ɗauki masu gadin dajin farauta, aikinsu shi ne su tara masa tsuntsayen harbi su kuma kashe duk abin da ke da lanƙwasasshen baki ko ƙumba, ko da bindiga, ko da tarko, ko da guba. A ƙidayar 1911 masu wannan sana'a sun wuce mutum 20,000. Tun kafin wannan ƙidaya ma, cikin shekarun 1870, jar shirwa ta daina sheƙa a Ingila, ba a jima ba ta ƙare a Sikotlan.

Inda ta saura shi ne wasu kwazazzabai na tsakiyar ƙasar Wels, inda babu dajin farauta mai yawa, nan ma 'yan ƙalilan. Masana kan ƙirga irin waɗannan tsuntsaye bibbiyu ne, namiji da tamata masu sheƙa ɗaya, don haka ni ma da sheƙa zan riƙa ƙirgawa. A farkon ƙarni na 20 sheƙar da ta rage a Wels ana iya ƙirga ta da yatsun hannu. A 1903 wasu mutane 'yan sa-kai suka kafa kwamitin tsaronta, suka shiga gadin itatuwan da ta yi sheƙa a kai, domin a lokacin an sami wata sabuwar annoba, ta masu tara ƙwan tsuntsaye don ado, waɗanda ƙarancin ƙwan ke daɗa musu kwaɗayinsa. Sa'an nan aka fito da wata dabara wadda ta cancanci mai karatu ya riƙe ta, aka ce duk manomin da shirwa ta yi sheƙa a gonarsa har 'ya'yan suka tashi lafiya za a ba shi lada. Ka ga ladan da a da ake biya don kai, yanzu ana biyansa don rai. Da haka aka yi ta lallaɓawa shekara tamanin da wani abu, amma har ƙarshen shekarun 1980 sheƙar Wels ba ta kai ɗari ba.

Me ya hana ta bazuwa da kanta? Abu biyu. Ƙasar tsakiyar Wels tana da ruwan sama da sanyi da ƙarancin abinci, 'ya'ya kaɗan ke tashi. Na biyu kuma ɗabi'ar tsuntsuwar ce. Kamar yadda muke cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, haka jar shirwa take, komai yawon da ta yi tana ƙarama, idan lokacin aure ya yi kusa da inda ta fara tashi za ta komo ta yi sheƙa. Tsuntsuwa mai wannan hali ba ta cin sabuwar ƙasa da sauri. To, wannan halin da ya ɗaure ta a Wels shi masana suka juya ya zama makaminsu. Suka ce idan aka ɗauko ɗan tsuntsu tun yana da mako huɗu zuwa shida, aka kai shi wata ƙasa ya fara tashi a can, can ɗin zai ɗauka gida.

A 1989 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB da hukumar gwamnati mai kula da halittun daji suka fara aikin a wuri biyu. Ɗaya a kudu, a tuddan Chilterns, cikin filin attajirin nan Paul Getty. Ɗaya a can arewacin Sikotlan, a wani yanki da ake kira Black Isle kusa da birnin Inverness. Na arewa daga Suwidin aka kawo su. Na kudu kuwa mafi yawansu daga Sifen ne, kuma a watan Yuli na 1990 aka saki guda 13, mafi yawansu an ɗauko su ne daga lardin Navarra cikin jirgin British Airways. Yadda ake yi shi ne a gina keji na katako a gefen kurmi, a sa 'ya'yan a ciki, a riƙa tura musu nama ta wata 'yar kafa don kada su ga mutum su saba da shi. Idan fikafikansu sun yi ƙwari sai a maƙala wa kowane alama mai lamba a fiffike, wasu a ɗaura musu 'yar na'urar rediyo, a buɗe ƙofa. A 1992 suka fara ƙyanƙyasa a wuraren biyu.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya natsu. Daga 1989 zuwa 1994 an saki tsuntsu 93 a Chilterns, an kuma saki 93 a Black Isle. Iri ɗaya, dabara ɗaya, ƙungiya ɗaya, shekaru kusan ɗaya. Da malamin kimiyya ya zauna ya tsara gwaji da gangan, da wuya ya tsara wanda ya fi wannan. A 2006 aka ƙirga, aka tarar sheƙar Chilterns ta wuce 300, ta arewacin Sikotlan kuwa 41. Kuma kada a manta, cikin waɗannan shekaru an riƙa ɗibar 'ya'ya daga Chilterns ana kaiwa wasu wurare, Northamptonshire da Yorkshire da Gateshead da sauransu, duk da haka ta yi wa 'yar'uwarta irin wannan fintinkau.

Abin da zai fara zuwa wa mutum shi ne a ce sanyin arewa ne, ko yunwa. Masu bincike na RSPB sun duba wannan, suka buga sakamakonsu a 2010. Suka tarar shirwar arewa ba ta gaza ta kudu wajen ƙwai da raino ba, 'ya'yanta suna tashi lafiya lau. Bayan sun tashi ne suke ɓacewa. Cikin gawa 103 da aka tsinta, kashi 40 cikin ɗari mutum ne ya kashe su ba bisa doka ba, galibi da guba. Waɗanda aka tsinta ke nan, kuma kowa ya san wanda ya kashe abin da doka ta hana ba ya barin gawar a bakin hanya. Lissafinsu ya nuna da ba don wannan kisa ba, da sheƙar arewa ta yi kafaɗa da ta kudu.

Ruwa ba ya tsami banza. Black Isle ita kanta ƙasar noma ce, amma tana kewaye da tuddai waɗanda masu su ke kiwon wata irin makwarwa ta daji domin baƙi masu kuɗi su zo su biya su harba, daga ranar 12 ga Agusta kowace shekara. Darajar irin wannan fili tana bin yawan makwarwar da aka harba a cikinsa, albashin mai gadi da gidan da yake ciki su ma haka. Saboda haka har yanzu akwai masu gadin da ke ɗaukar mushen zomo su barbaɗa masa maganin ƙwari mai suna carbofuran su ajiye a fili, wai don yanyawa da hankaka. Kaɗan daga wannan magani ya isa ya kashe babban tsuntsu nan take. Jar shirwa kuwa mai cin mushe ce, tana yawo tana duban ƙasa, ita ce ke fara ganin zomon. Ba lalle ne a ce ita aka nufa ba, amma guba ba ta tambayar suna. Kuma samarin tsuntsayen, masu yawon shekarar farko, su ne suka fi faɗawa, watau waɗanda ya kamata su zama iyayen gobe.

Wani zai ce to ai sai a yi doka. An yi, tun tuni. Dokar kare tsuntsaye ta 1954 ta hana kashe su, ta 1981 ta ƙara ƙarfafa hanin, an janye carbofuran daga kasuwar Birtaniya a 2001, a 2005 ma ajiye shi kawai ya zama laifi a Sikotlan. Dokar da ke kan shirwar Chilterns ita ce ke kan ta Black Isle. Duk da haka a 2014, kusa da garin Conon Bridge, aka tsinci gawar tsuntsaye 22 a ɗan ƙaramin yanki cikin 'yan makonni, 16 jar shirwa, 6 wani irin shaho, gwaji ya tabbatar da guba a jikin mafi yawansu, kuma ba a gurfanar da kowa gaban alƙali ba. Dalili kuwa a fili yake. Laifin da aka yi a bayan dutse ba shaida, ɗan sanda yana nesa, maƙwabci ba ya son ya tona asirin maƙwabci. Ko an kama wani, yaron gida ake kamawa, maigidan da ake yi domin aljihunsa yana Landan ko Edinburgh yana shan shayi. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Sai a 2012 Sikotlan ta fara aiki da dokar da ke kama mai fili da laifin ma'aikacinsa, a 2024 kuma ta ce babu mai harbin makwarwar nan a filinsa sai da lasin, wanda ana iya ƙwace shi idan an sami shaidar kisan tsuntsaye masu farauta. Shekara talatin da biyar bayan buɗe kejin farko hukuma ta kai hannu inda ciwon yake, watau aljihun mai fili.

A Chilterns me ya bambanta? Ba a ce mutanen kudu sun fi na arewa tsoron Allah ba. Abin da ya faru shi ne dalilin kisan ya riga ya yi sanyi kafin tsuntsuwar ta iso. Yaƙin duniya biyu sun watsa yawancin manyan gidajen farauta, masu gadi sun ragu ƙwarai, waɗanda suka saura kuma ma'aikatan shirin sun bi su gida-gida, su da manoma, tun kafin a saki ko tsuntsu ɗaya. Suka nuna musu cewa wannan tsuntsuwa, duk da faɗin fikafikanta ya kusa mita biyu, nauyinta wajen kilo ɗaya ne kawai, ƙafafunta ba su da ƙarfi, ba ta iya ɗaukar ɗan rago, abincinta mushe ne da ɓeraye da tana. Manomi ya sa ido shekara ɗaya, shekara biyu, ya ga gaskiya aka faɗa masa, ya ƙyale ta. Wannan ƙyalewar, ta dubban mutanen da ba a san sunansu ba, ita ce ta mai da 93 ta zama ɗaruruwa. Ƙa'idojin ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu ta duniya, sun faɗi haka ƙarara: kada a mayar da wata halitta inda ta ƙare sai an tabbata abin da ya ƙarar da ita ya kau. A kudu ya kau, a arewa an ɗauka ya kau.

Ba zan yi wa mai karatu ungulu da kan zabo ba, in nuna masa kamar duk mai ƙin tsuntsayen nan mugu ne ko jahili. Akwai wata da aka mayar wadda ƙarar da ake kai ta tana da tushe, ita ce gaggafar teku mai farar wutsiya. An harbe ta ƙarshe a tsibiran Shetland a 1918. Daga 1975 zuwa 1985 aka kawo 'ya'ya 82 daga Norwe aka sake su a tsibirin Rum, aka sami ɗan farko a tsibirin Mull a 1985, kuma zuwa farkon shekarun 2020 sheƙarta a Sikotlan ta kai wajen 150. Wannan ba shirwa ba ce. Ƙatuwa ce mai ƙarfin ƙafa, kuma makiyayan yammacin Sikotlan, waɗanda yawancinsu talakawa ne masu 'yan tumaki a kan duwatsu, sun daɗe suna kukan tana ɗaukar musu 'yan raguna. An yi shekaru ana ce musu mushe take ci, kafin hukuma ta amsa cewa a wasu wurare tana kashe masu rai, ta kuma kafa shirin taimaka musu. A gefe guda kuma 'yan yawon buɗe ido masu zuwa kallonta suna kashe miliyoyin fam a Mull kowace shekara. To amma kuɗin nan hannun mai masauki da mai jirgin ruwa yake shiga, hasarar kuwa tana kan mai tunkiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ina goyon bayan dawo da gaggafar, amma ina ganin ma'aikacin da ya ƙaryata makiyayi a kan abin da ya gani da idonsa ya yi wa gaggafar illa fiye da mai bindiga, domin ya koya wa mutanen karkara cewa maganar hukuma ba abin riƙo ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ita ma jar shirwar nasararta ta zo da nata 'yan rigingimu, ko da yake ƙanana ne. Wani bincike na Jami'ar Reading a 2015 ya gano dubban gidaje a garin suna ajiye mata nama a bayan gida, har ɗaruruwan tsuntsaye suna shigowa gari kullum kamar ma'aikata. Sabo ya sa wasu sun fara fizgar abinci daga hannun masu shaƙatawa a filin wasa, abin da kowane yaron Bahaushe da ya taɓa riƙe tsire a fili zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Akwai kuma maganin ɓera na zamani, wanda ake samunsa a hantar yawancin gawarwakin da aka gwada, gama tana cin ɓeran da ya ci gubar. Duk da haka ƙiyasin 2016 ya ba da sheƙa wajen 4,400 a Birtaniya baki ɗaya, kuma a 2020 IUCN ta cire jar shirwa daga jerin tsuntsayen da ake jin tsoron makomarsu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa ya faru ne a 2022. Sifen, wadda ta ba da aron 'ya'yanta a 1990, ta wayi gari tata shirwar ta ragu ƙwarai, musamman a kudu maso yamma, saboda guba da wayoyin lantarki. Sai aka ɗebi 'ya'ya 30 daga kurmin Northamptonshire aka sa su a jirgi aka kai lardin Extremadura, aka kuma ci gaba a shekarun da suka biyo. Jikokin waɗanda aka ara ne suka koma biyan bashi. Labari ne mai daɗi, amma a lura da abin da ya sa ya yiwu: duk lokacin da wata ƙasa ta rasa tsuntsuwar, akwai wata ƙasar da ke da ragowa. Ingila ta yi sakaci ta ƙarar da tata, ta sami Suwidin da Sifen a tsaye. Ba kowace halitta ke da irin wannan gata ba.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Aikin da jar shirwa ta yi wa Landan a da, shi ungulu ke yi wa garuruwanmu. Duk wanda ya girma kusa da mahauta ko kasuwar ƙauye ya san yadda take jeruwa a kan katanga da rassan kuka, ya kuma san cewa a garuruwa da yawa yau sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a wajen gandayen daji. A 2015 IUCN ta sa ungulun gari da mikiya da wasu iri biyu na Afirka a matakin ƙarshe kafin ƙarewa. Dalilan kuwa mai karatu zai ga kamar ya taɓa jin su: mushen da aka sa wa guba don kura ko karnuka, sau da yawa ma da carbofuran ɗin nan dai, sai kuma cinikin kai da ƙafa da ƙwai a kasuwannin magani da tsibbu, wanda Nijeriya tana cikin manyan kasuwanninsa. Watau an sake sa lada a kan kai, sai dai wannan karon mai saye ne ke biya. A 2020 a Gini-Bisau an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba cikin 'yan makonni, da yawa an tsince su ba kai. Doka kuwa muna da ita, tun dokar soja ta 1985 mai hana cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Mun dai ga abin da doka ita kaɗai ta tsinana a Black Isle.

Idan ungulu ta ƙare mana, wa za mu je wa aro? Tana raguwa ne a ƙasashen yankin gaba ɗaya a lokaci guda, babu wata Suwidin da ke ajiye mana ita. Ko an sami aron ma, lissafin ba ɗaya ba ne. Jar shirwa tana yin ƙwai biyu ko uku, tana fara sheƙa tana da shekara biyu. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi, manyan irinta kuma sai sun shekara biyar ko kusa da haka kafin su fara. Abin da shirwa ta mayar cikin shekara goma sha biyar, ungulu sai ta ci rayuwar ma'aikaci tun daga ɗaukarsa aiki har ritayarsa. Indiya ta ɗanɗana wannan. Maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 99 cikin ɗari na wani irin ungulunta tsakanin 1992 da 2007, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita. An hana maganin a 2006, aka gina gidajen kiwon ungulu da kuɗi masu yawa, amma waɗanda aka iya saki ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da miliyoyin da aka rasa.

Saboda haka ina roƙon waɗanda za su riƙe ofisoshin gona da gandun daji da lafiyar dabbobi da tsabtar gari, idan wata rana aka kawo musu takardar shirin kiwon ungulu a keji, da bikin buɗewa da babban baƙo da almakashi, su fara tambaya wa ke kashe wadda muke da ita, nawa yake samu, me kuma zai sa ya bari. Mafarauci da mai magani da makiyayin da kura ta dame shi, kowannensu yana da dalilinsa, kuma sai an zauna da shi kamar yadda aka zauna da manoman Chilterns. Gidauniyar NCF mai kare muhalli a Nijeriya ta riga ta fara irin wannan zama da masu maganin gargajiya, ana neman itatuwan da za su maye gurbin sassan ungulu. Wannan aiki ba ya da hoto mai kyau, ba ya kuma ƙarewa cikin kasafin shekara ɗaya, shi ya sa ba a rububinsa.

Akwai kuma abin da ɗalibi zai iya yi tun kafin ya karɓi takardar shaidarsa. Da ba a maƙala wa tsuntsayen Black Isle lamba ana bin su shekara da shekaru ba, da har yau ana cewa sanyi ne ya kashe su. Ƙidaya ce ta tona asirin, kuma yawancin masu ƙidayar 'yan sa-kai ne, malaman makaranta da akawuna da 'yan fansho. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos tana tattara bayanan tsuntsayen Nijeriya daga hannun irin waɗannan mutane. Kowannenmu yana da garin da yake komawa hutu, kowane gari kuma yana da mahauta. Mutum ya je da safe lokacin fiɗa, ya ƙirga ungulun da ya gani, ya rubuta rana da wuri da adadi, ko da adadin sifiri ne, ya kuma tambayi Sarkin Fawa shekarar da ya yi musu ganin ƙarshe da yawa.